Gidan Haya da Rijiyar Unguwa: Tsakanin Windows da Linux Mint

Kwamfutar da nake wannan rubutu da ita ta hannu ce, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama cin moriyarsu aka loda a kwantena zuwa Legas, daga can suka hauro Arewa. Ranar da na saye ta a kasuwar 'yan waya da kwamfuta a Kano, yaron shagon ya zura mata filash, ya koma kan cinikinsa da wasu. Bayan kamar rabin awa ya miƙo min ita yana cewa, "Malam, na zuba maka komai." Komai ɗin nan shi ne Windows da Word da CorelDRAW da wasu tarkacen da har yau ban san amfaninsu ba. Bai tambaye ni wace manhaja nake so ba, ni ma ban san akwai abin zaɓa ba. Maganar lasisi kuwa ko a baki ba ta fito ba.

Duk wanda zai tallata maka Linux, abin da yake fara cewa shi ne kyauta ce, Windows kuwa ta kuɗi ce. Wannan hujja tana da nauyi a Landan ko Balin, inda kuɗin lasisi ke cikin farashin sabuwar kwamfuta, ko kuma a saye shi daban. A Amurka dala 139 ake sayar da Windows 11 ta amfanin gida. A nan wajenmu kuwa, ko dai lasisin ya biyo kwamfutar daga ofishin da ta baro, ko an shigo da manhajar ta bayan gida. Mutumin da bai taɓa biyan ko sisi ba, ba za ka burge shi da kalmar kyauta ba. Bambancin da ya shafe mu yana wani wuri daban: wa ke da iko da kwamfutar da ka saya da kuɗinka, kuma wa zai duba maka ita ranar da ta ƙi tashi.

Windows da Linux Mint aikinsu ɗaya. Kowace babbar manhaja ce, wato uwar gida a cikin kwamfuta. Ita ke fara tashi idan ka kunna, ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da rumbun ajiya, kuma duk wata ƙaramar manhaja, ta rubutu ce ko ta kallon bidiyo, a ƙarƙashinta take zaune.

Windows ta kamfanin Microsoft ce, ta fara fitowa a 1985. Linux kuwa wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, aka haɗa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar tun 1983. Shekaru da yawa ta kasance abin masana, sai wanda ya iya rubuta umarni a baƙin allo. A 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, wadda aka gina kan wani nau'in Linux mai suna Debian, da niyyar kawo Linux ga mutumin da ba ruwansa da ilimin kwamfuta. Har faifan CD suka riƙa aika wa mutane kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, kafin su daina a 2011. Daga Ubuntu ɗin ne wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya tsiro da Linux Mint a 2006. Sunan na nufin na'ana'a, babbar fuskarta kuma ana kiranta Cinnamon, wato kirfa. Kai ka ce kayan shayi ake haɗawa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ko da kuɗinka ka sayi Windows, izinin amfani ka saya. Zaman haya ne. Gidan yana da kyau, an yi masa fenti, an ja ruwa da wuta, amma ba ka da ikon fasa bango, ba ka san yadda aka bi da wayoyin cikin silin ba, kuma mai gida ne ke yanke ranar tashi. Ranar ta zo wa Windows 10 a 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da aka rufe tallafinta na yau da kullum bayan shekara goma. An bar ƙofar ƙarin wa'adi na shekara guda ga masu amfani a gida, bisa wasu sharuɗɗa, amma wa'adi dai wa'adi ne. Sabon gidan, Windows 11, yana da ƙa'idar shiga: ana son wani ɗan guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko takwararta ta AMD, da ram giga 4, da wurin ajiya giga 64. Zubi na 8 ya fara fitowa ne a 2017. Ke nan ɗimbin kwamfutocin hannu da ke kan teburan ɗalibai da malamai daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, waɗanda ƙarfinsu bai ƙare ba, suna waje. Masu gyara sun san dabarar tsallake wannan shinge, to amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da kwamfutar da aka shigar ta haka ba.

Mai karatu zai ce, to in an daina tallafin sai me, ai kwamfutar ba mutuwa za ta yi ba. Haka ne, za ta ci gaba da tashi. Tallafin nan dai shi ne toshe ɓarakar da ake ganowa wata bayan wata. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba, da masu zaune kan tsofaffin manhajojin da aka daina kula da su. Wanda ke shiga asusun bankinsa da kwamfutar da ba a toshe mata ɓaraka, ya kwana ne da ƙofa a buɗe.

Linux Mint ta fi kama da rijiyar unguwa da aka haƙa da aikin gayya. A Turanci kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, har masu wannan tafiya sun sha wahalar bayyana wadda suke nufi. Hausa ta hutar da mu, kalmomin biyu ne, kuma ta biyun ce asalin maganar. Lasisin irin waɗannan manhajoji ya ba ka damar amfani da su yadda ka ga dama, ka leƙa asalin rubutun da aka gina su da shi, ka canza, ka raba wa wasu. Idan ka kwafa wa maƙwabcinka a filash ba sata ka yi ba, abin da aka yi ta dominsa ke nan.

Ni dai ban iya karanta asalin rubutun manhaja ba, kuma na san mafi yawan masu karanta wannan haka suke. To mene ne ribarmu? Ribar ita ce wasu sun iya, kuma ba mai hana su. Ita kanta Mint shaida ce. A wajajen 2011, lokacin da Ubuntu ta sauya fuskarta zuwa wani sabon salo da ya rikita mutane da yawa, su Lefèbvre suka riƙe tsarin da aka saba, maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, suka gina Cinnamon a kai. Wanda bai ji daɗin guga ba ya kawo nasa, rijiyar dai ba a rufe ta. Da gudummawar jama'a da ta masu ɗaukar nauyi ake tafiyar da aikin, kuma duk wata sukan wallafa abin da aka tara.

Ɗan yayata ne, wanda ke karatun kwamfuta, ya fara nuna min ita. Ya zo da filash a aljihu wata Asabar, ya ce, "Kawu, bari ka gani, ba abin da zan taɓa maka." Ya kashe kwamfutar, ya zura filash ɗin, ya kunna yana danna wani maɓalli a jere. Sai ga wani kore-koren tambari ya bayyana, bayan minti ɗaya ko biyu allo ya buɗe. Na ce, ina Windows ɗina? Ya ce tana nan a ciki tana barci, wannan daga kan filash take gudana, da an zare shi komai zai koma yadda yake. Na kama linzamin da kaina. Ga Firefox na shiga intanet, ga LibreOffice na rubutu da lissafi, na haɗa da wayata na buɗe jarida, na saka wani karatu na ji sauti ya fito. Ban tambaye shi inda wani abu yake ba sai sau ɗaya. Wannan damar ta ɗanɗana kafin ka saya, ban san irinta a Windows ba, kuma a ganina ita ce hujja mafi ƙarfi da Mint ke da ita, domin gani ya kori ji.

Wajen nauyi ma akwai tazara. Mint tana tashi da ram giga 2, kodayake giga 4 suka ba da shawara, da wurin ajiya giga 20. Ga tsofaffin kwamfutoci sosai akwai fuskoki biyu marasa nauyi, MATE da Xfce. Kada dai a yi zaton tsohuwar jaka za ta zama doki. Idan ka buɗe shafuka ashirin a intanet, ram giga 4 zai yi nishi ko wace manhaja ce a ciki. Abin da na lura da shi shi ne fankar ta rage kuka, kuma ba na zaman jiran ta gama shiri kafin in fara aiki.

Sai maganar da duk ɗalibi ya sani. Ka kai filash shagon buga takardu, ka dawo gida ka tarar duk manyan fayilolinka sun rikiɗe sun zama 'yan gajerun alamomi masu kibiya, ka danna ba abin da ke buɗewa. Ya taɓa faruwa da ni ana saura kwana biyu in miƙa wani aiki, na kwana ina salati. Wannan bairos ɗin ɓoye fayilolin yake yi, kuma don Windows aka rubuta shi. Da aka zura filash ɗin a kwamfuta mai Linux, sai ga kayana reras, ga kuma shi bairos ɗin a gefe kamar ɓarawon da gari ya waye masa a tsakar gida. Aka goge shi da dannawa ɗaya. Dalilan wannan kariya biyu ne. Masu rubuta bairos sun fi bin inda jama'a suke, kuma Linux ba ta wuce kusan kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur da na cinya ba. Sannan a Mint daga rumbu guda da ake sa wa ido ake ɗauko manhajoji, ba daga kowane lungu na intanet ba, kuma ba abin da zai shiga cikin tsarin sai ka sa kalmar sirri.

Masu son Linux sukan wuce gona da iri a nan, su ce ba a iya kutsa mata. Ana iyawa. A watan Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint kansa, aka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi na ɗan lokaci kafin a gano. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, wanda abin mamaki ma'aikacin Microsoft ne, ya lura wani aiki yana jinkirin kusan rabin sakan. Ya bi sawu har ya gano cewa wani ya shafe shekaru yana neman yarda a cikin masu kula da wata ƙaramar manhaja mai suna xz, sannan ya dasa mata ƙofar sirri. An kama abin kafin ya isa ga yawancin jama'a. Rijiyar da kowa ke iya leƙawa, kowa na iya jefa mata abu. Sa'ar ita ce masu leƙen suna da yawa.

Yanzu bari in koma ɓangaren da Windows ta yi wa Mint fintinkau, don yana da faɗi, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na ce wa kowa ya sauya.

Na farko, gyara. Bahaushe idan zai sayi mota, kafin ya tambayi gudunta yakan tambayi ko akwai kayan gyaranta, da kuma ko bakanike ya san ta. Shi ya sa wasu motocin masu kyau ba sa kasuwa a nan. Windows ita ce motar da kowane bakanike ya sani. Ko a ƙaramin gari ka sami matsala, akwai yaron da zai yi mata fomatin kafin la'asar. Kai masa Linux ka ga yadda zai juya ta, ya dube ka, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai sai dai a sauke a sa Windows." Ba laifinsa ba ne, abin da kasuwa ke nema ya koya. Mai Linux a garuruwanmu dole ya zama rabin bakaniken kansa, ya iya neman amsa a intanet, kuma yawancin amsoshin da Turanci suke. Wani lokacin amsar takan ce buɗe baƙin allo ka rubuta kaza. Ba kullum ba ne, ana iya wata da watanni ba a buƙace shi ba, amma ranar da Wi-Fi ya ƙi kamawa ko wata firinta ta yi gardama, za ka san kana zaune nesa da gari.

Na biyu, sana'a. Duk katin biki, kalandar siyasa, allon shago da takardar walima da ka gani a Arewa, da wuya ba CorelDRAW ce ta zana su ba, kuma babu ita a Linux. Babu Photoshop, babu AutoCAD na masu zanen gini. Yawancin manhajojin da masu gyaran waya ke buɗe waya da su don Windows aka yi su. Akwai madadin wasu, Inkscape na zane, GIMP na gyaran hoto, kuma suna aiki. Amma mai shagon da kwastoma zai kawo masa fayil ɗin CorelDRAW da safe, ya kuma tura wa mai babban injin bugawa da rana, ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Sarƙa ce, kuma duk sarƙar da yare ɗaya take magana. Ce masa ya sauya daidai yake da ce masa ya rufe shago ya koma makaranta.

Na uku ya fi shafar irina, masu rubutu. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word, tana kuma ajiyewa a tsarinsu. Wasiƙa ko maƙala ba ta da matsala. Amma kundin kammala karatu mai shafi ɗari, da jadawali da lambobin shafi iri biyu, yakan ɗan gurɗe idan ya tsallaka daga wannan zuwa waccan: kan babi ya gangaro ƙasa, jadawali ya rabe biyu. Sau da yawa salon haruffa ne sanadi. Jami'o'inmu Times New Roman suke nema, shi kuma ba ya zuwa a cikin Mint, sai wani mai kama da shi a faɗi da tsawo, Liberation Serif, kodayake ana iya saukar da na asalin. Dabarar da na koya ita ce in mayar da aiki PDF kafin in kai bugawa, don shi ba ya motsi. Idan kuwa malami zai yi gyara a cikin fayil ɗin ya dawo maka da shi, sai ka yi haƙuri da 'yan gyare-gyare.

Wajen rubuta Hausa kuwa kunnen doki suka yi. Dukkansu suna da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, sai dai mutane ba su san yana ciki ba, shi ya sa har yau ake rubuta ƙasa kamar kasa. Windows ta ɗan yi gaba da yake an taɓa fassara wani sashe na fuskarta zuwa Hausa. A ɓangaren Linux ƙofar fassara a buɗe take ga duk mai so, masu shiga ne ba su da yawa, kuma wannan gorin namu ne, mu masu harshen.

Akwai kuma data, wadda a nan da awo ake sayenta kamar man fetur. Sauke Mint zai ci kusan giga 3, amma sau ɗaya ne, kuma filash guda zai wadaci unguwa. Bayan nan wata 'yar garkuwa ce a gefen agogo ke sanar da kai akwai sabuntawa, kai ke zaɓar lokacin, ko da tsakar dare ne lokacin garaɓasa. Windows ta fi son yin abinta da kanta, kodayake akwai inda ake gaya mata cewa datar a ƙirge take, ta rage. Windows 11 ta gida kuma tana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen ɗora ta. Mint suna da kalmar sirri kawai take tambaya. Batir kuwa ya danganta da kwamfutar. Akwai waɗanda suka fi jimawa a kan Windows saboda don ita masu ƙera su suka daidaita su, abin da mai zama da wutar NEPA ba zai raina ba.

Hukumomi ma sun gwada wannan awo, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya yi shekaru a kai, sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Jandarmomin Faransa sun ɗora tasu Ubuntu a kan dubban kwamfutoci sun zauna a kai. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya da Linux suke koyar da yara. Inda abin ya zauna, an horar da mutane ne an kuma tanadi masu gyara. Mu ma ba baƙinta ba ne yadda muke zato: wayar Android da ke aljihunka a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta.

Hukuncina shi ne, mai shagon zane da bugawa, da mai gyaran waya, da duk wanda abincinsa ke rataye da wata manhajar da sai a Windows take aiki, ya zauna inda yake, ya dai yi ƙoƙarin samun ta halal a kan kwamfutar da ake ci gaba da tallafa wa. Amma ɗalibi da malamin makaranta da ɗan jarida da uwar gida mai lissafin kasuwancinta, waɗanda aikinsu bai wuce rubutu da intanet da kallo ba, kuma kwamfutarsu ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, Mint ta fi musu alheri nesa ba kusa ba a kan zama da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ko cin bashi don sayen sabuwa. Ni a nan na faɗo, shi ya sa na bar Windows a wani ɓangare na rumbun don ranar buƙata, na koma Mint da sauran ayyukana.

Ga 'yan'uwa masu gyara a kasuwanninmu, ku ware filash ɗaya ku koyi wannan abu, don masu tsofaffin kwamfutoci za su zo muku da tambaya. Kai kuma mai karatu, nemi filash mai giga 8, ka sauke Mint daga shafinta na asali, ka tashe ta daga kan filash ɗin ka gwada Wi-Fi da sauti da firintarka. Kafin ka danna maɓallin ɗorawa, kwashe takardunka da hotunanka ka ajiye a wani wuri daban. Linux Mint 22, wadda ta fito a 2024, za a ci gaba da kula da ita har 2029.